Wa zai rubuta labarin su Inna?

Duk wadda ta taɓa riƙe kayen ƙungiya ta san abin da ke cikinsa: sunaye a jere, ranar taro, zubin kowa, wadda ta ɗauki bashi, wadda ta maido, da tarar makara. Mu nan tsofaffin kayenmu sun cika kwalla guda. In baƙo ya buɗe su zai san nawa kowace mace ta zuba cikin watan azumi shekara goma baya, amma ba zai san ko wace ce ita ba, ina anka haife ta, sau nawa ta yi aure, ɗiya nawa ta rufe da hannunta. Maganar da munka kawo wanga karo ke nan: littattafan da ke ba da labarin rayuwar mutane, waɗanda anka rubuta, da waɗanda har yanzu ba a rubuta ba.

Yaranmu na lakwal suna dawowa gida da sunayen manya a baki. Diori Hamani, Seyni Kunce, Abdu Mumuni wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, Bubu Hama wanda ya zauna ya rubuta labarin ƙuruciyarsa da kansa cikin littafin Kotia-Nima. Ba mu ƙi ba, sun cancanta. Amma ku tambayi yaron sunan mace guda, sai ya sosa ƙeya ya ce Sarauniya. In ya yi makarantar allo, ƙila ya ƙara da Nana Asma'u. Daga nan sai shiru.

Sarauniya Mangu ta Lugu, can ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, kowa ya san ta da abu guda. Cikin watan Afirilu na 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ke tafe tana ƙone garuruwa, ta iso Lugu, ita da mutanenta sunka ƙi miƙa wuya, anka gwabza. Rundunar nan ce ta wuce ta yi ɓarna Birnin Ƙonni, kuma shugabanninta biyu a hannun sojojinsu sunka mutu, nan wajen Maijirgi kusa da Tasawa. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi kanta da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. To amma littafin Mamani ƙagaggen labari ne da anka gina bisa abin da ya faru. Waɗanda sunka riƙe alƙalami a lokacin yaƙin, su ne waɗanda sunka zo yaƙarta, kuma abin da ya dame su shi ne tafiyarsu. Saboda haka yini guda na rayuwarta ya shiga takarda, sauran shekarun sai marubuci ya cike da tunaninsa bayan shekara tamanin. Muna alfahari da ita, amma ba za mu iya cewa mun san ta ba kamar yadda mutum ke sanin gwaggonsa.

Nana Asma'u daban take, don ita ta riƙe alƙalamin da kanta. Ɗiyar Shehu Usmanu ce, shi kuwa a Maratta anka haife shi, cikin ƙasar Gobir da ke Nijar yanzu. An haife ta 1793, ta rasu 1864. Ta yi rubutu da Fulatanci, da Hausa, da Larabci. Abin da ya fi kama da aikinmu cikin rayuwarta shi ne ƴan taru. Matan ƙauyuka su taru, su zaɓi dattijuwa mai hankali, a naɗa ta jaji, a ba ta malfa, ta jagoranci tafiya zuwa wurin Asma'u, su koyo karatu cikin waƙa su komo su koya ma na gida. Ku cire malfar ku sa akwati mai makulli uku, sai ku ga kamar mu. Wata Baturiya, Jean Boyd, da ta daɗe tana koyarwa Sakkwato, ta fitar da littafin rayuwarta a 1989.

Abin da ya tsaya muna a rai game da ita shi ne wannan. Ta yi waƙoƙin ta'aziyya ga manya, ga ɗan uwanta Muhammadu Bello, ga mijinta Waziri Giɗaɗo. Amma ta yi ma maƙwabciyarta Halima, kuma ta yi ma wata jaji mai suna Hauwa'u. Halima ba sarauniya ba ce, ba ta ja runduna ba. Zaman lafiya da mutane da riƙon zumunci anka yabe ta da su. Yau fiye da shekara ɗari da hamsin, sunanta na nan, don kawai maƙwabciyarta ta iya rubutu kuma ta ga ta isa a rubuta ta.

Sai dai mu faɗi gaskiya, mu mutanen Maraɗi da Tibiri. Kakanninmu ba ɓangare guda suke da gidan Shehu ba a wancan zamani. A yaƙin Gawakuke na 1836 rundunar Bello ta ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, kuma Asma'u ta yi waƙa kan wannan yaƙi, waƙar waɗanda sunka yi nasara. Matan wanga ɓangare da sunka rasa maza da ɗiya ranar, kukansu bai shiga takarda ba. Wannan bai rage mata daraja wurinmu ba, malama ce. Ya dai nuna muna cewa kowa ɗakinsa yake sharewa, kuma in ba ki da mai rubutu a gidanki, labarinki a bakin wasu za a ji shi.

Littafin da ya tada muna wagga magana kuwa ba na sarauniya ba ne, ba na malama ba. Na wata tsohuwa ne, Baba ta Karo. Ɗiyar ɗaya daga cikinmu da ke karatu jami'a ta zo hutu da shi, muna gama zubi sai ta karanta muna kaɗan, mako-mako, har hutun ya ƙare.

Ga yadda anka yi shi. An haifi Baba wajen 1877 a Karo, wani ƙauye cikin ƙasar Kano. Ta tsufa a Giwa, ƙasar Zazzau. Nan wata Baturiya mai suna Mary Smith, da ta biyo mijinta aikin bincike, ta san ta. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 sunka yi ta zama, Baba na magana, Mary na rubutawa, har kusan mako shida. Baba ta rasu 1951. Littafin ya fito da Ingilishi a 1954, ba ta gan shi ba. An juya shi zuwa Faransanci a 1969, kuma na Faransancin ne ya zo hannunmu. Ku duba wagga tafiya, don Allah: tsohuwa ta yi magana da Hausa, anka kai maganar Ingilishi, daga can anka kai ta Faransanci, sannan yarinyarmu ta zauna bisa tabarma tana ƙoƙarin maido muna ita Hausa. Wani wurin sai ta tsaya tana laluben kalma, tsofaffin su riga ta: ai lalle ke nan, ai budar kai ke nan, ai auren zumunta take nufi. An buga littafin da Hausar Baba daga baya, amma shi bai iso muna ba.

Mi ke cikinsa? Ba ta ci gari ba, ba ta je Makka bisa raƙumi ta dawo da tuta ba. Aure huɗu ta yi. Na fari auren zumunta ne da ɗan uwanta, tana yarinya, zuciyarta na wurin wani, ta yi haƙuri na wani lokaci don iyaye sannan ta fito. Ba ta taɓa haihuwa ba. Ta yi riƙon ɗiyan wasu, ta aurar da su, ta zama ungozoma. Aurenta na ƙarshe, tana zaune gidanta, mijin na zaune nasa. Ta faɗi yadda mahara ke faɗa ma ƙauye, yadda anka kama matan danginsu anka tafi da su, yadda dangi sunka tara wuri sunka fanso su. Kuma ba ta ɓoye ba cewa su ma gidansu akwai bayi a rinji suna yi musu noma, har lokacin da Turawa sunka zo bayin sunka watse. Ta faɗi abin kamar yadda yake, ba ta wanke kanta ba, ba ta wanke danginta ba.

Ranar da anka karanta muna wurin rashin haihuwarta, wata daga cikinmu da ta shekara ashirin da wani abu a ɗakin miji babu ɗa ta ja mayafi ta rufe fuska. Babu wadda ta ce mata komai. Da anka tashi sai ta ce ma yarinyar, ke ɗiyata, mako mai zuwa kar ki fara sai na zo. Ba mu taɓa jin ta yi maganar nan gaban mutane ba, kuma ranar ma ba ta yi ba. Amma ta ji an rubuta mace irinta cikin littafi, ba a matsayin abin tausai ba, a matsayin wadda gari ke kira in naƙuda ta tashi.

Wurin da munka fi yin dariya kuwa shi ne na ƙawaye da biki. Baba ta bayyana yadda mata biyu ke ƙulla ƙawance, yadda in kin kai ma ƙawarki gudummawa ranar sunanta, ita kuma ta ninka miki ranar naki, a yi ta ninkawa har abin ya yi nauyi a sake komawa ƙasa. Ma'ajiyarmu ta ce, ashe tun kafin a haifi kakata mata ke riƙe lissafi da ka. Gaskiya ta faɗa. Mata Masu Dubara a 1991 anka fara ta nan jihar Maraɗi da taimakon CARE, kuma yau tsarin ya kai ƙasashe masu yawa cikin Afirka da wajenta. Amma bai kama ƙasa don baƙo ne ba. Ya tarar da biki, ya tarar da adashe, ya tarar da mata da sun san mi ake nufi da bashi da amana. Littafin Baba shi ne shaidarmu a kan haka.

A ganinmu nan ne littafin rayuwa ke rabuwa da kirari. Maroƙi in ya tashi wasa mutum, duk kakanninsa jarumai ne, duk matan gidan masu haƙuri ne, babu wanda ya taɓa cin bashi. Yana da daɗin ji ranar biki, amma ba ki ɗaukar komai ki kai gida. Da yawa cikin labaran manya da ake karantawa a rediyo ranar da sunka rasu haka suke: an haife shi, ya yi lakwal, ya riƙe muƙami kaza, Allah ya jiƙansa. Na Baba ya fi su amfani gare mu don akwai farashi a ciki, akwai kishiya, akwai saki, akwai abin da anka dafa, akwai wanda ya ranta ma wa. Yarinyar da za a kai ɗaki gobe za ta iya koyon abu a ciki.

Mu ma nan an taɓa zama da tsofaffinmu haka. Wata Ba'amurkiya, Barbara Cooper, ta saurari matan Maraɗi ta rubuta littafi kan aure a garin, ya fito 1997. Da Ingilishi yake. Kun ga ke nan maganar iyayenmu tana can cikin ɗakunan karatu na ƙasashen waje, jikokinsu kuwa ba su iya karanta ta. Ba laifin wadda ta rubuta ba ne, a lokacin mu nawa ne munka iya riƙe bik? Yanzu fa an yi muna yaƙi da jahilci. Kowace ƙungiya tana da aƙalla mace guda mai rubuta kaye. Hujjar da iyayenmu ke da ita, mu ba mu da ita.

Abin da ya sa munka daina cewa sai wata rana shi ne rasuwar ɗaya daga cikin waɗanda sunka kafa ƙungiyarmu, bara da rani. Ita ce ta fara sayen gona da kuɗin rabo a unguwarmu, da ribar man gujiya da ƙuli-ƙuli, shekara da shekaru tana tarawa. Ba a yi sadakar arba'in ba sai da magana ta tashi: dangin miji sun ce gonar gandu ce, ɗiyanta mata sun ce ta uwarsu ce. Anka zo wurinmu. Kayenmu ya nuna bashin da ta ɗauka da ranar da ta biya, amma bai ce don mi ta ɗauka ba. Sai da tsofaffi biyu sunka je gaban mai gari sunka ba da shaida, Allah ya sa suna raye kuma hankalinsu na nan. Da an ƙara shekara biyar fa? Ba gonar kaɗai ba. Ita ce ta san yadda anka yi ƙungiyar ta tsira shekarar 2005, lokacin da rabin mata ba su iya zubi, wa ta ce a dakatar da tara, wa ta ƙi. Duk ta tafi da shi.

Saboda haka munka ciri kuɗi cikin asusun taimako, da yardar taro, munka sayi kaye babba mai kauri da bik biyu. Munka fara da wadda ta fi kowa shekaru cikinmu, wadda duk muke ce ma Inna.

Aikin ba sauƙi gare shi ba, gara mu gaya muku. Zaman farko munka ce, Inna, ba mu labarin rayuwarki. Ta ce, alhamdu lillahi, an haife ni, an yi min aure, ga ni. Shi ke nan, layi biyu. Tambaya babba ba ta buɗe bakin tsohuwa. Sai sakatariyarmu ta ce, Inna, ranar da anka kai ki ɗaki, ƙwarya nawa anka jera miki? Nan take ta gyara zama. Daga ƙwarya sai ga gwaggon da ta ba ta, daga gwaggo sai ga garin da sunka baro, daga garin sai ga rijiyar da ta ƙafe. Tun daga ranar ƙananan tambayoyi muke yi. Nawa ake sai da tiyar hatsi shekarar da kika haifi na fari? Wa ya fara ba ki akuya? Da mi kika fara sana'a, kuma wa ya ranta miki jarin?

Sai maganar shekaru. Inna ba ta da takardar haihuwa, kuma in kin ce mata 1974 ba ta san abin da kike nufi ba. Amma ta san tana goyon ɗanta na biyu lokacin da soja sunka kifar da Diori, wato Afirilun 1974 ke nan. Ta san shekarar El Buhari, yunwar 1984, ta sai da tasoshinta. Ta san lokacin da kuɗi sunka lalace kaya sunka ninka, wato faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994. Sai munka ware shafin farko munka jera waɗannan alamomi da shekarunsu, duk abin da ta faɗa mu rataye shi jikin wadda ta fi kusa. Ƴan uwanmu na Damagaram da Tawa, ku naku alamomin za su bambanta, kowane yanki da sunan da ya ba yunwarsa, kowane gari da sarkin da anka naɗa.

Gardama mafi zafi a kan abin da za a rubuta ne da wanda za a bari. Wasu cikinmu sun ce mace ba ta tona asirin aurenta, abin da ya faru a ɗaki a ɗaki yake mutuwa. Wata ta ce wannan neman suna ne, mutum ya bari Allah ya yaba shi. Ba mu raina maganarsu ba, kunya ado ce, kuma gari ƙarami ne, jikokin kishiyar Inna da nata rijiya guda suke ɗiban ruwa. Amma in munka cire duk abin da ke da ɗaci, mun koma kirari, kuma kirari ba ya hana a ƙwace gona. Abin da munka tsaida shi ne: labarin na mai shi ne. Duk abin da anka rubuta, a karanta mata a zama na gaba, ta ce a bari ko a goge. Wanda ke raye ba a sa sunansa kan abin kunya, a ce wani ko wata. Abin da ya shafi dukiya kuwa, gona, fili, dabba, bashi, a rubuta shi filla-filla da sunan shaidu, ta dangwala hannu. Akwai shafi uku da Inna ta ce a naɗe a ɗinke da zare, kar a buɗe sai bayan ranta, kuma ɗiyarta ta fari ce za ta warware. An ɗinke.

Wani abu da ba mu zata ba: ba ta yarda a gyara mata magana. Sakatariya ta rubuta wata kalma yadda anka koya muna a aji, da anka karanta sai Inna ta ce, ni ban ce haka ba, wannan Hausar rediyo ce. Dole anka goge anka sa yadda ta faɗa. Mun ga tana da gaskiya, tunda mun ga wahalar da maganar Baba ta sha kafin ta dawo gida. Yanzu har da salula muke ɗaukar muryarta in ta yarda, amma ba mu dogara da ita ba. Salula na faɗawa ruwa, ana sace ta, yaro na goge abin da ke ciki don ya sa waƙa. Kaye na cikin kwalla tare da sauran.

Mun kai shafi talatin da ɗaya, kuma har yanzu ba a yi mata aure na biyu ba. Minti talatin muke ɗauka bayan an rufe akwati, ranar da ba ta jin daɗi mu bari. Ungozomar unguwa ta riga ta aiko cewa ita ce ta gaba, kuma ta ce a sayo kaye biyu, don nata ba zai shiga guda ba. Ƙungiyar da ke son jerin tambayoyin da muke amfani da su, da shafin alamomin shekaru, ta aiko ta hannun masu wagga jarida, za mu kwafe da hannu mu aika.